Modbus: Harshen da Injunan Masana'antu Suka Gada

Kafin shekarar 1968, masana'antun ƙera motoci a Amurka suna sarrafa injunansu ne da ɗaruruwan makunnan lantarki masu aiki da maganaɗisu. Duk lokacin da aka sauya samfurin mota, tilas ma'aikata su kwance wayoyi su sake ɗaurawa, aiki mai cin lokaci da dukiya. A wannan shekara ce kamfanin General Motors ya nemi na'urar da za a riƙa sauya mata umarni ba tare da an taɓa waya ba. Injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084, wadda ake lissafawa cikin na'urorin PLC na farko.

Saura kuma yadda na'urorin za su fahimci juna. A 1979 kamfanin Modicon ya fitar da Modbus, ƙa'idar zance mai tsananin ladabi: na'ura ɗaya ce shugaba, ita kaɗai ke tambaya, sauran ba sa tankawa sai an kira su. Kowace tana da lambarta, daga 1 zuwa 247. Sifili kuwa shela ce ga kowa, ba a amsa ta. Saƙon gajere ne: lambar wadda ake kira, lambar aiki, bayanai, sai lambar tantancewa da ke tona asiri idan saƙon ya gurɓata a hanya. Lambar aiki 03, alal misali, umarni ce a karanto rajista, wato ma'ajiya mai ɗaukar bit 16. Abin sha'awa, ma'ajiyar kunnawa da kashewa har yau "koyil" ake ce mata, sunan naɗin wayar tsohon makunnin da aka yi wa ritaya.

Sauƙinsa da rashin kuɗin lasisi suka sa kamfanoni da dama suka rungume shi. A 1999 aka ɗora shi kan hanyar sadarwa irin ta intanet, a 2004 kuma Schneider Electric, magajin Modicon, ya miƙa haƙƙinsa ga wata ƙungiya mai zaman kanta.

A nan ne gizo ke saƙa. Modbus ba ya tambayar mai magana ko shi wane ne, domin a 1979 wayar ba ta fita daga harabar masana'anta. Yau kuwa wanda ya kutsa cikin layin zai iya umartar famfon tashar ruwa ya tsaya, ya kuma tsaya. An fitar da sigar da ke tantance mai magana, tana kuma ɓoye saƙo, a 2018, amma tsofaffin na'urori masu yawa suna nan bakin aiki da tsohuwar ƙa'idar.