Dreamcast Bayan Sega Ta Janye Hannu

Kamfanin Sega ya fitar da na'urar wasan bidiyo ta Dreamcast a Japan a shekarar 1998, amma ya daina ƙera ta a 2001 bayan abokiyar hamayyarta PlayStation 2 ta ƙwace kasuwa. Masoyan Dreamcast kuwa suka ƙi bari ta mutu.

Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne wata kafa a tsarin na'urar. Sega ta sa ta karanta faifan waƙa na musamman mai suna MIL-CD, sai masu fasaha suka gano cewa ta wannan hanya za a iya kunna manhajar da mutum ya rubuta a gida, ya kwafa a faifan CD na kasuwa, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Daga nan aka samar da KallistiOS, kayan aikin rubuta wasanni kyauta. Cikin wasannin da masoyan suka rubuta, Feet of Fury ya fito a 2003, Sturmwind kuma a 2013.

Aikin da ya fi burgewa shi ne DreamPi, wanda ke amfani da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta maye gurbin layin tarhon da na'urar ke shiga intanet da shi, har tsofaffin wasanni suka koma intanet.