Sarauniyar Lugu a fim ɗin Med Hondo

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta afka wa Lugu, garin Arawa da ke yankin Dogon Dutsi a Nijar ta yau. Mace ce ke riƙe da garin, Sarauniya Mangu, kuma ta ƙi miƙa wuya. Wannan rundunar ce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi bayan 'yan makonni.

Abdullahi Mamani ya mai da labarin littafi a 1980. Daga shi ne Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya shirya fim ɗin Sarraounia a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987.

Yawancin masu kallo jarumtar Sarauniya suke tunawa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan da ke cikin ayarin. Hondo ya nuna rundunar hawa-hawa: Turawa 'yan ƙalilan a sama, sojoji baƙar fata a ƙarƙashinsu, sai 'yan dako, sannan can ƙasa matan da aka kamo daga garuruwan da aka ƙone. Bature na wulaƙanta soja saboda launin fatarsa, amma ya lallashe shi da ganima, kuma mace tana cikin ganimar. Ita ke nan ta sha biyu, ga mulkin Bature ga na ɗan uwanta baƙi. Ba Hondo ya ƙirƙiro wannan ba. Ayarin na gaske ya ja ɗaruruwan mata.

Ita ma Sarauniyar ba Faransawa kaɗai ke mata kallon raini ba. Fim ɗin ya nuna sarakunan maƙwabta suna kiranta matsafiya, don mace ce kuma Ba'azna. Wannan ɓangaren ba ya mana daɗin kallo, shi ya sa ma ya kamata mu kalla.

Sai dai akwai abin takaici. An so a ɗauki fim ɗin a Nijar, hakan bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso a zamanin Thomas Sankara. 'Yar ƙasar, Aï Keïta, ita ta fito a matsayin Mangu, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai. Amma sarauniyar da ta yi mulki da Hausa, da Julanci take magana a fim ɗinta.