Damin Gero da Raƙumi Ɗari: Tarihin Diyyar Sakaci a Ƙasar Gobir

Idan kaka ta gabato a Tozai ta ƙasar Isa, gero yana tsaye a gona, garkunan shanu kuwa suna gangarowa neman ruwa a gulaben Bunsuru da Rima. A irin wannan lokaci ne tsohuwar tambaya kan taso: in shanu sun faɗa gona ba da nufin mai su ba, wa zai biya, kuma nawa?

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yankin Isa ya shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya, inda alƙalai suke hukunci da fiƙihun Malikiyya daga littattafai irin su Risala da Muhtasar. A wannan fiƙihu, ɓarnar da dabba ta yi cikin dare tana wuyan mai ita, domin shi ke da alhakin ɗaure ta. Da rana kuwa, in an kora dabbobi makiyaya nesa da shuka, tsaron gona na manomi ne. Haka nan mahayin doki shi ke ɗaukar abin da dokinsa ya taka, wanda kuma ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a shi ke lamunin wanda ya faɗa ciki. Wato kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Idan kuskuren ya kai ga rai, to ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin mai laifi na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara 3. Hikimar a fili take: magadan mamaci ba su tashi hannu banza ba, dangin da suka san aljihunsu zai yi kuka kuwa sukan ja kunnen ɗansu tun kafin ya yi ganganci.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka kuma raba Gobir biyu, Tsibiri ga Faransa, Sabon Birni ga Ingila. Sun bar wa alƙalai kotunansu, amma sun kawo tasu shari'ar a gefe. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a ƙarar wata mata mai suna Donoghue, wadda ta ce ta iske ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar lemo. Daga nan aka kafa ƙa'idar cewa dole mutum ya kiyaye duk wanda aikinsa zai iya cutarwa. Wannan tsari bai yanke wa rai adadi ba. Alƙali ke auna asara, kuma mai sakacin ko kamfanin inshorarsa ke biya. Sai dai hanyarsa doguwa ce. An yi gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano a 1996, kamfanin Pfizer ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75 a 2009, iyalai na farko ba su karɓi kuɗi ba sai 2011.

Manomin Tozai ba ya iya jiran shekara 15 kan dami goma, shi ya sa mafi yawan ƙararrakinsa suke ƙarewa a gaban mai gari da ardo. Muddin ana zuwa gona a kimanta ɓarna da adalci, a biya nan take, magana ta mutu. Amma da noma ya cinye burtali, makiyaya suka riƙa kukan ana tsawwala musu tara, manoma kuma suna kukan ba a biyansu, sai kowane ɓangare ya fara ɗaukar wa kansa fansa. Masifar da ta addabi Isa da Sabon Birni a shekarun nan tana da dalilai da yawa, har da talauci da kwararowar makamai, amma lalacewar wannan ƙaramin hukunci na cikinsu.

Ranar da zaman lafiya ya dawo, aikin farko shi ne a maido da wurin da manomi da makiyayi za su kai kuka, kowannensu ya tashi yana mai yarda an auna masa daidai.