Matan da Suka Koya wa ENIAC Lissafi

A watan Fabrairun 1946 Jami'ar Pennsylvania ta nuna wa 'yan jarida ENIAC a Philadelphia, jibgegiyar na'ura mai nauyin tan 30 da fitilun lantarki kusan 18,000. Sojojin Amurka ne suka biya kuɗin ƙera ta don lissafa inda harsashin igwa zai sauka, aikin da a da mace guda kan shafe fiye da sa'o'i 20 tana yi da ƙaramar na'urar tebur. Ran nan ENIAC ta gama shi cikin daƙiƙoƙi. Sunan John Mauchly da Presper Eckert, waɗanda suka ƙirƙiro ta, ya cika jaridu, amma Betty Jennings da Betty Snyder, waɗanda suka tsara lissafin da ya ba kowa mamaki, ko liyafar daren ba a gayyace su ba.

Matan da suka shirya na'urar su shida ne, har da Kay McNulty, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu littafin koyarwa, zanen wayoyin na'urar kawai aka miƙa musu, tun ma kafin a yarje musu shiga ɗakinta. A wancan zamani shirya kwamfuta yana nufin cusa wayoyi cikin ramuka da murɗa maɓallai dubbai, kowanne a muhallinsa. Sun laƙanci na'urar har sukan gano fitilar da ta mutu a cikin dubban 'yan uwanta. Duk da haka, a takardar aiki an ajiye su ƙasa da matsayin ƙwararru.

Wani zai ce ai injiniyoyin ne suka ƙirƙiro na'urar, kuma an raina tsara lissafin ne don sabon abu ne da ba a san nauyinsa ba, ba don mata ke yi ba. Maganar farko gaskiya ce, Eckert da Mauchly sun ci yabonsu. Ta biyun ce ba ta tsaya da ƙafarta ba. An ɗauki aikin a matsayin na akawu ne saboda an gaje shi daga ɗakunan lissafin da mata suka cika lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka gane nan ne wuyar take, sai sana'ar ta sami suna da albashi mai tsoka, maza suka yi mata rubdugu. Ƙwarewar da ake buƙata ita ce dai ta jiya. Snyder ma ta ci gaba, ta yi aiki a kan kwamfutar UNIVAC da harshen kwamfuta na COBOL.

Kuma abin bai tsaya a 1946 ba. Binciken Heather Sarsons na 2017 kan malaman tattalin arziki ya nuna cewa takardar da mace ta rubuta tare da namiji ba ta ɗaga ta wajen ƙarin girma kamar yadda take ɗaga shi. A aikin haɗin gwiwa ba a ganin hannun kowa dalla-dalla, sai mai hukunci ya cike giɓin da zatonsa. Shi ya sa da wata mai suna Kathy Kleiman ta ga hotunan ENIAC a shekarun 1980 ta tambayi ko su wane ne matan, aka ce mata 'yan kwalliya ne aka tsayar don hoto.