Nisan Singafo zuwa New York: Tafiya mafi tsawo a jirgin fasinja

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy da ke birnin New York na Amurka akwai nisan kilomita 15,349. Wannan ita ce tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi a kai a kai ba tare da yada zango ba. Kamfanin Singapore Airlines ne ya buɗe layin a watan Nuwamban 2020, kuma jirgi kan shafe awa 18 zuwa 19 a sararin samaniya.

Yadda ake auna nisan

Da yake duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu ba ita ce miƙaƙƙen layin da ake ja a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ba. Ana auna nisan ne bisa lanƙwasar doron ƙasa, kamar a ɗaura zare tsakanin birane biyu a kan ƙwallon taswira. Tsakanin Singafo da New York, zaren zai bi ta kusa da ƙuryar arewacin duniya. Matuƙa jirgi kuwa suna lissafi da mil na teku, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne.

Abin da ke tsawaita tafiyar

Ba kasafai jirgi ke bin wannan gajeriyar hanya daidai ba. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Don haka jirgin da ya tashi daga Singafo yakan ratsa Tekun Fasifik, wanda ya taso daga New York kuma sau da yawa yakan bi ta Tekun Atlantika da Turai, domin iskar ta riƙa tura shi. Rufe sararin samaniyar wata ƙasa saboda yaƙi shi ma yakan tilasta zagaye. Ke nan doguwar hanya tana iya fin gajeriya sauri da rage shan mai.

Jirgin da ke tafiyar

Ana amfani da Airbus A350-900ULR, mai ɗaukar mai lita 165,000. Kujerunsa 161 ne kacal, babu na masu tikiti mafi araha, domin nauyin mai ya sa dole a rage fasinjoji. Matuƙa huɗu ne ke karɓa-karɓa.

Abin lura ga matafiyi

Agogon Singafo yana gaba da na New York da awa 12 ko 13, gwargwadon lokacin shekara. Lokutan da ke kan tikiti na kowane gari ne, saboda haka a duba adadin awannin tafiya kafin a tsayar da ranar ganawa ko karɓar kaya.

A 2022 kamfanin Qantas na Ostireliya ya yi odar jiragen A350-1000 domin haɗa Sydney da Landan kai tsaye, nisan kusan kilomita 17,000.