Ƙararrawar da aka buga ƙarƙashin ruwa

Jama'a, a 1826 wani ɗan ƙasar Suwis, Daniel Colladon, ya nemi sanin saurin sauti cikin ruwa. Da dare, a tabkin Janeba, aka tsai da jiragen ruwa biyu, tsakaninsu ya wuce kilomita 13. Daga na farko aka zura ƙararrawa cikin ruwa. Ana buga ta, albarushi ya kama wuta. Shi ko yana can cikin na biyu, kunne ga wani dogon ƙaho da aka nutsar, agogo a hannu. Ya hangi wutar, sai bayan daƙiƙa 9 ƙarar ta iso. Lissafi ya ba da mita 1435 a daƙiƙa, alhali cikin iska wajen 340 ne. Ninki huɗu fa! Na'urorin zamani ƴan mitoci kaɗai suka ƙara bisa lissafinshi.