Buji ba ya ƙarya: yadda ake gane cin man moto

Masu saurare na Zango da ƙauyukan kewayen Damagaram, da 'yan uwa na ƙetare masu aiko da kuɗin sayen moto, tun da iskar hunturu ta taso tambaya ɗaya ke yawan zuwa mana: moto na shan esansi, ba ya ja, me za a yi? Kafin a taɓa karbirato, a kwance buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, a dubi bakinsa. Dokar ɗaya ce, ko moton kabu-kabu ne, ko mai ƙafa huɗu, ko injin ban ruwa na garka.

Amma kar a duba bayan inji ya daɗe yana ralanti a tsaye. A yi tafiya ta kamar minti 10, a kashe, a bari ya huce, sannan a kwance.

In bakin bujin ya yi kalar ƙuli-ƙuli, mai da iska sun daidaita, a maida shi kawai. In ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya fi iska. A nan sau da yawa laifin ba na karbirato ba ne, ƙura ce ta toshe filtar iska, ko an manta cok a ja. A wanke filta tukuna. Baƙi mai danshi da maiƙo kuwa, baƙin mai ne ke haurowa, zoben fistin ya cinye, juya sukuru ba zai yi maganinsa ba.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne fari fat kamar toka. Mai ya yi kaɗan, inji na ɗaukar zafi fiye da kima. Wasu da gangan suke sa bakanike ya matse mai wai don tsimi. To, ribar kwalba ɗaya ce, ƙarshenta bawul ya ƙone ko fistin ya huje, watakila ma a tsakiyar hanyar Tanut, da rana tsaka.

Wajen gyara, a bari inji ya ɗumama. A ɗaure sukurun a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, sannan a warware zagaye 1 da rabi zuwa 2. Daga nan kwata-kwatan zagaye ake juyawa, ana sauraro har kukan inji ya zauna. A lura: in sukurun yana gefen filta, warwarewa iska take ƙarawa, in yana gefen inji, mai take ƙarawa. Kuma aikinsa a ralanti ne da ɗan jan totur. Tsakiyar gudu na allura ne, cikakken gudu na babban jiklar.

Tsagin bakin buji a yawancin ƙananan motoci irin namu milimita 0.6 zuwa 0.7 ne. Mai sayen esansin kwalba a bakin hanya kuma, ya tace da ƙyalle mai tsabta, don ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe jiklar.